Na-Sani da Buhun Fara

Ku gyara zama ku ji yadda wani mai aski ya bar kawunan mutane ya koma bin ƙwari.

A wani gidan haya mai hawa uku aka yi shi, ana kiransa Na-Sani. Ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya raɗa masa. Ka ce masa hadari ya haɗo, ya ce ya sani. Ka ce masa matarka ta sauka yau da safe, ya ce ya sani, har ka tsaya kana masa wani irin kallo. Aski kam ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Hannunsa ba ya rawa, askarsa ba ta cizo. Da zai rufe baki ya bar hannun ya yi aikinsa, da yau ba ku da labarin ji.

Rumfarsa tana bakin titi, jingine da katangar gidan. Sai aka tashi faɗaɗa titin, aka shafa wa rumfar jan fenti, aka ce ya kwashe kafin wata ya mutu. Ga mata, ga 'ya'ya, ga tsohuwar uwa, duk a ɗaki biyu na hawan tsakiya, kuma askar nan ce ke ɗora musu tukunya. Ana cikin wannan sai telan da ke shagon ƙasa ya tashi, ya bar shago fes: ƙofar gilashi ta fuskar titi, fanka a sama, famfo a lungu, da wata ƙaramar ƙofa ta baya mai fita tsakar gida.

Mai gidan wata dattijuwa ce, Hajiya Mai Bene. 'Ya'yanta sun yi nisa, abin da ya rage mata na reno shi ne shuke-shuke. Ta jera tukwanen fulawa da na tumatir da na na'a-na'a a tsakar gida, daidai bakin ƙofar bayan shagon. Ganye ɗaya ya faɗi, sai ta bi ɗaki-ɗaki tana tambayar wanda ya wuce ta wurin.

Inna, mahaifiyar Na-Sani, ita ta fara ganin shagon ya zama kango. Ba ta taɓa zama a aji ba, kuma ba ta taɓa jin ta yi asarar komai ba.

"Auta," ta ce, don ita har gobe haka take kiransa, ga furfura a gemunsa, "sauka ka gaida Hajiya, ka ce kana son shagon ka yi aski. Magana biyu ce. Ka faɗa ka dawo."

"Na sani, Inna."

Ya sauka. Da ya zo gaban ƙofar gilashin sai ya ga kansa a ciki, tun daga hula har takalmi. Ya gyara tsayuwa. Ya juya gefe. Mutumin da ke cikin gilashin nan, a ganinsa, ya fi ƙarfin share gashin mutane da tsintsiya. Nan ya tuna hirar wani direban babbar mota da ya yi wa aski a makon, wanda ya ce ya je ƙasashen da ake sayar da gyare a leda kamar alewa.

Ya tarar da Hajiya tana ban ruwa.

"Ranki ya daɗe, gidan nan naki duniya ce ƙarama. Liman ba ya cin abin da Fasto ke ci. Baba Mai Agogo ba ya cin abin da su biyun ke ci. Kin taɓa ganin sun sa hannu a faranti ɗaya? To ni na gano abincin da babu addinin da ya hana. Ki ba ni shagon nan in buɗe gidan abinci."

"Wane abinci ne wannan? Ruwa?"

"Ƙwari."

Hajiya ta sauke butar a hankali. "A gidan da na tashi, da tsintsiya ake tarbar ƙwaro."

"Ba jiya na ji ƙamshin jatan lande daga tagarki ba? Ki dubi ƙafafunsa. Ki dubi gashin bakinsa. Ai fara ce da ta koyi iyo."

"Nawa daga teku yake zuwa."

"Tawa daga sama take saukowa. Wa ya fi tsabta, mai yawo a iska ko mai kwana a laka?"

Hajiya ta ce, "Askin fa?"

"Aski na masu ƙaramin buri ne, ranki ya daɗe."

"To ji nan. Mutum uku ne ke bango ɗaya da shagon nan: Liman, Fasto, da Mai Agogo. Ranar Asabar ka tara su a ciki, ka yi girkinka a gabana. In duk ukun suka ce sun yarda, ga makulli. In ɗaya ya ƙi, akwai mai sayar da waya da ke min sintiri kullum."

Da ya hau sama ya ba da labari, Inna ba ta ɗaga kai daga tsintar shinkafarta ba.

"Na aike ka neman wurin zama, ka dawo mini da ƙwaro."

"Inna, ba ki san yadda duniya ta ci gaba ba."

"Ta ci gaba ta bar ka a bakin titi da jan fenti."

Washegari ya je wurin masu sayar da abincin tsuntsaye ya sayo gyare cikin kwali, ya zuba musu ganyen latas da ruwa a murfin kwalba, ya tura ƙarƙashin gado. Abin da gyaren nan suka yi daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, idanun mutanen gidan ne suka ba da labarinsa da safe. Matarsa ta ɗaure kai da ɗankwali biyu ba ta ce masa ko sannu ba. A layin famfo kowa na hamma yana hararar hawan tsakiya.

Liman ne ya fara zama a kujerar aski a ranar. Na-Sani ya ga dama ta samu, don mutumin da aska ke kan maƙogwaronsa ba ya yawan gardama. Ya shafa masa kumfa ya soma.

"Allah gafarta Malam, ai ƙwaro halal ne, ko?"

"Wane ƙwaron?"

"Duka."

"Har kyankyaso?"

"A'a, gyare nake nufi."

"Wanda ya ja mini baƙi har asuba?" Liman ya ture askar da yatsa. "Fara dai babu gardama a kanta, magabata sun ci. Sauran ƙwari malamai sun rabu, ni kuma ina ɓangaren da cikina ya fi kwanciya. Ko farar ma, a karatun da na yi, sai an kashe ta da niyyar ci. Wadda aka tsinta a mace, akwai malaman da suka halatta, amma malamina bai halatta ba, kuma ban ga abin da zai sa in saɓa wa mutumin da ya koya mini alwala saboda ƙwaro ba."

"Na sani."

"Tunda ka sani, wa zai kashe su?"

"Ni, da hannun nan. Ɗaya bayan ɗaya."

"In haka ne zan ci, in sa albarka."

Gyare ya tashi daga lissafi ke nan. Na-Sani ya hau sama ya jawo kwalin zai kai bayan gida ya zubar. Ruwan murfin kwalba ya riga ya jiƙa gindin kwalin. A tsakiyar matakala gindin ya zauna, shi ya ci gaba da sauka rungume da bango huɗu. Gyare suka watse, kowanne ya kama ramin da ya yi masa. Har yau in kun je gidan za ku ji jikokinsu.

Na-Sani ya sami Fasto a ƙofar ɗakinsa, matar Faston na gefe tana jera ruwan leda a wani tsohon firij. Ita ce mai sayar da ruwan sanyi a gidan, kowa Mama yake ce mata.

"Maƙwabci," in ji Na-Sani, "ku fa babu abin da aka hana ku."

"A littafinmu ma akwai bawan Allah da ya zauna a jeji yana cin fara da zuma."

"Ka ji ko. Na sani."

"Shi a jeji yake, ba shi da mata. Ni tawa tana girki."

Mama ta leƙo daga bayan murfin firij. "Fara kuma abinci ce? Ƙaya da fiffike. A wurinmu tsutsar itace muke ci, mai ƙiba, kana sa ta a baki ta narke."

Fasto ya runtse ido. "Duk ranar da 'yan'uwanta suka aiko mata da ita, azumi nake tashi da shi."

"Azumin da ake kamawa bayan an karya kumallo," in ji Mama.

"Ni dai, maƙwabci, ba zan hana ka neman abincinka ba. Zan ɗanɗana ƙafa ɗaya saboda zaman tare. Sharaɗina ɗaya: kada abin ya motsa."

"Motsi kuma? Ai sai dai cikinka ya motsa don daɗi."

Saura Baba Mai Agogo. Wani siririn tsoho ne da ya zo daga ƙasa mai nisa tun yana saurayi. Ba ya cin nama, ba ya cin kifi, ba ya cin ƙwai. In tururuwa ta hau teburinsa, da gashin tsuntsu yake ɗaukarta ya kai ta bakin ƙofa, har da ba ta haƙuri. Ya saurari Na-Sani da gilashin gyaran agogo maƙale a ido ɗaya.

"Ni ba zan ci ba, ɗana, ko da zuma aka dafa. Kuma ban hana kowa tukunyarsa ba, shekara nawa muna zaune da mai nama a ƙarshen layi. Amma shagon nan bango ɗaya ne da nawa. Ba zan zauna ina sauraron bugun agogo ana ɗauke rayuka buhu guda a bayan kunnena ba."

Mai hankali a nan yake tsayawa ya koma ya wasa askarsa. Na-Sani ko ƙiftawa bai yi ba.

"Baba, wa ya ce kashewa za a yi? Tsofaffin fara nake saye. Waɗanda suka ga jikokinsu, suka yi sallama da duniya da kansu."

"Akwai irin wannan?"

"Buhu-buhu."

Tsohon ya cire gilashin ya goge, ya mayar. "To zan zo in gani."

Ranar Juma'a da la'asar direban babbar motar ya sauke masa buhun fara da ya yi oda a bakin rumfa. Buhun na taɓa ƙasa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Na-Sani ya rungume shi kamar mai raba faɗa, ya haye sama, ya shige banɗaki da aska da kwano, ya ja ƙofa.

Ya zura hannu ya ciro ɗaya. Ya juya ta, ya sake juyawa, yana neman wuya. Duk wanda ya taɓa riƙe fara ya san kai da ƙirji a haɗe suke kamar an yi musu walda. Yana cikin nema ta naɗe ƙafa ta sakar masa ƙaya a babban yatsa. Ya kai aska, ta goce, askar ta sami yatsan. Ta biyu ta kama masa gemu. Ta uku ta shige hannun riga ta fito ta wuya. Kafin magariba, abin da ke cikin kwanon bai kai a ba kaza ta gode ba, yatsunsa uku na ɗaure da tsumma, buhun kuwa ko alamar raguwa babu.

Inna ta ƙwanƙwasa ƙofa. "Auta, mutane na son alwala. Tafasa ruwa ka juye su ciki, ka huta ka hutar da mu."

"Na sani, Inna. Amma in an dafa su ja suke yi. Mai Agogo na ganin ja zai gane ba tsufa ba ne."

"Au, ƙarya biyu ka ɗora a murhu ɗaya?"

"Dabara ce."

"To juya ta da kyau kada ta kama."

Ya rasa inda zai kai buhun ya kwana, don matarsa ta ce ko ita ko shi a ɗakin. Sai ya sauka wurin Mama ya roƙi aron firij.

"Tsoho ne fa," ta ce. "Sanyi kawai yake yi, ba ya daskarar da komai."

"Na sani."

Da safe ya buɗe firij ya kwance bakin buhu da taka-tsantsan. Shiru. Ya zura hannu, babu ƙaya, babu harbi. Ya ɗebo tafi guda: duk sun sandare, ƙafafu a naɗe, kamar an sassaƙa su da itace. Na-Sani ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Shi ya sa su a firij da niyya, ashe shi ya kashe, Liman ya samu nasa. Sanyi ne ya ɗauke su cikin barci ba wanda ya taɓa su, ashe da kansu suka tafi, Mai Agogo ya samu nasa. Wa ya taɓa yin ƙarya biyu ya kwana ya tashi ya tarar duk sun zama gaskiya?

Ya kai su shagon, ya juye su a manyan tire uku, ya ɗauko fararen tawul ɗinsa na aski ya lulluɓe. Inna ta sauko, ta ɗaga gefen tawul, ta ɗauki ɗaya ta rufe a tafin hannunta. Ta ɗan jima a haka. Ta buɗe ta duba.

"Auta, ita fara in ta ji sanyi..."

"Na sani, Inna. Don Allah yau kam a bar ni in yi aikina."

Ta mayar da farar inda ta ɗauko ta. "To."

Ta hau sama ta rufe tagoginta. Can sai ga ta ta sauko da tsohon gidan sauronta, ta ɗaura igiya ɗaya a ƙarfen matakala, ɗaya a ƙusar bango, ta baza shi a kan tukwanen Hajiya har ƙasa, ta danne gefuna da duwatsu.

"Inna, yau da nake da manyan baƙi za ki yi mini shanya a tsakar gida?"

"Iska yake sha," ta ce, ta jawo kujerarta ta zauna nesa da ƙofa.

Da hantsi baƙi suka hallara. Hajiya a kujera mai hannu, Liman da Fasto a benci ɗaya kowa ya riƙe gefensa, Mama a tsaye, Mai Agogo kusa da bango yana duba ƙasa kafin ya taka. Labari ya zaga layi, mutane sun yi cincirindo a waje suna leƙe ta gilashi. Na-Sani ya rufe ƙofar gaba kada ƙura ta shiga. Ya kashe fanka kada ta kaɗa wutar risho. Ya ɗora kasko, ya tuttula mai. Rana ta bugo gilashin ta sauka daidai kan tiren nan uku.

Da a lokacin ya zuba su a mai, da wani labarin ake yi. Amma ga jama'a, ga sabuwar riga, ga kowa ya yi shiru. Na-Sani ya gyara murya.

Ya fara daga farkon duniya. Ya bi ta ƙasashen da direba ya ba shi labari, ya ƙara da waɗanda direban bai taɓa ji ba. Ya ce akwai inda ake cin tururuwa da cokali, akwai inda sarki ba ya karya kumallo sai da kunama. Ya ce masu ƙyamar fara su ne masu cin dodon koɗi, masu ƙyamar dodon koɗi su ne masu cin ƙafar kwaɗo, kowa na toshe hanci a kan farantin ɗan'uwansa yana lashe nasa. A nan kam ya faɗi gaskiya, har Liman ya gyaɗa kai. Sai dai bai tsaya ba. Shagon ya ɗauki zafi. Gumi ya fara bin wuyan Fasto. Mai ya fara hayaƙi.

"Malam mai aski," Liman ya katse shi, "kafin a kai ga ci. Ka ce da hannunka za ka kashe. An yi haka?"

Na-Sani ya ɗaga yatsunsa masu tsumma. "Ga shaida."

Mai Agogo ya juyo. "Kashewa? Ba tsufa ka ce mini ba?"

"Tsufa ne, Baba."

"Tsufa?" in ji Liman. "Mushe za ka ba ni?"

"A'a, Allah gafarta Malam, wato sun tsufa, sun kusa, ni kuma na... na raka su."

"Da aska ka raka su?" in ji Mai Agogo.

"Da firij ɗina ya raka su," in ji Mama.

"Ku dakata in yi bayani. Abin yana da zurfi. Idan mutum ya yi niyya, sanyi kuma ya..."

"Maƙwabci," in ji Fasto a hankali, idonsa a kan tebur, "tawul ɗinka yana numfashi."

Kowa ya duba. Tawul ɗin tsakiya ya kumbura, ya sauka, ya sake kumbura. Wani siririn ƙaho ya leƙo ta gefe yana lalube.

"Iska ce," in ji Na-Sani, ya dafe tawul ɗin da tafi.

"Ka kashe fanka," in ji Hajiya.

Ya dafe na biyu da ɗaya hannun. Na ukun ba shi da hannun da zai ba shi. Shi ne ya tashi sama da kansa, ya yi tafiyar taku guda a iska, ya faɗi. Abin da ke ƙarƙashinsa bai faɗi ba.

Ɗumi ya gama aikinsa. Buhu guda na fara, sun sha barci sun ƙoshi, suka tashi lokaci ɗaya a ɗaki rufaffe. Ƙarar fiffike ta cika shagon kamar ana yayyafa tsakuwa a kan kwano. Fasto, da ƙibarsa da komai, ya shige ƙarƙashin tebur. Liman ya ja hula har kunne yana salati. Mama ta kwance ɗankwali tana kamawa tana dariya, tana cewa ko ba daɗi ai ba a bar nama ya tashi ba. Mai Agogo ya tsaya a tsakiya ya ware hannuwa, fara ta lulluɓe shi har gira, yana roƙon jama'a: "Kada ku taka. Don girman abin da kuke bauta wa, ku duba ƙafafunku."

Na-Sani ya yi tsalle ya kunna fanka wai ta kore su. Fanka ta fara yi musu abin da askarsa ta kasa, fiffike na zubowa kamar ganye. Mai Agogo ya dafe ƙirji. Na-Sani ya kashe fanka. Wasu suka faɗa kaskon mai da kansu suka soye, ƙamshi ya tashi.

"Waɗannan kuma wa ya kashe su?" in ji Liman daga cikin hula.

Ƙofa biyu ce a shagon. Ta gaba tana fita titi, inda fara za ta bi iska ta tafi abinta. Amma a bayan gilashin nan akwai rabin unguwa, wasu sun riƙe ciki, wasu sun zauna a ƙasa don dariya. Na-Sani ya dube su, ya ji ba zai iya ba. Ya juya ya buɗe ta baya.

Hajiya ta miƙe tsaye. Ba ta yi ihu ba. Wani ƙaramin sauti ta yi, irin na wanda aka taka wa ƙafa a masallaci.

Fara ta fita tsakar gida kamar hayaƙi, ta ji ƙamshin ɗanyen ganye, ta sauka gaba ɗaya. A kan gidan sauron Inna ta sauka. Farin yadi ya koma ruwan ƙasa, suna ta cizon zare, ganye na ciki suna kallo. Tukunyar tumatir ɗaya ce a bakin famfo da yadin bai kai ba. Kafin Hajiya ta ƙarasa wurin, sanda ce a tsaye cikin ƙasa.

Inna na zaune a kujerarta, ta cire ɗaya daga kafaɗarta ta ajiye a gefe.

Hajiya ta dubi sandar. Ta dubi gidan sauron. Ta dubi Inna. Sannan ta koma bakin shagon, fara ɗaya zaune a ƙullin ɗankwalinta ba wanda ya yi ƙarfin halin faɗa mata.

"Liman?"

"Ban yarda ba."

"Fasto?"

"Ya motsa," in ji murya daga ƙarƙashin tebur.

"Baba Mai Agogo?"

Tsohon ya girgiza kai a hankali, don kada ya firgita waɗanda ke kansa.

"To, Na-Sani, ka ce za ka haɗa kansu, ka kuwa cika alkawari. Tunda na gina gidan nan ban taɓa jin su ukun sun faɗi magana ɗaya ba sai yau." Ta kwance makulli daga bakin gyalenta. "Da ka zo mini ranar nan ka ce aski, da tuni kana ciki. Don kai na ƙi amsa wa mai waya."

Na-Sani ya buɗe baki.

Hajiya ta wuce shi, ta ratsa tsakar gida, ta sa makullin a cinyar Inna. "Ke na ba. Ki sa wanda kika ga dama a ciki, ki fitar da shi ranar da kika ga dama."

"Akwai wani mai aski da na sani," in ji Inna. "Hannunsa da kyau. Zan gwada shi."

Sauran yinin Na-Sani a durƙushe ya yi shi, yana tsintar fara da hannu yana mayarwa buhu, Mai Agogo na bin sa a baya yana cewa a hankali, Liman na nuna masa waɗanda suka hau labule, Fasto na ba da umarni daga saman matakala. Direban da ya kawo su shi ya mayar da su bayan gari, bayan ya gama dariyarsa. Na kaskon kuwa Mama ta barbaɗa musu gishiri, ta ce ba laifi, amma ba su kama ƙafar tsutsa ba.

Da aka rushe rumfa, madubi da kujera sun riga sun koma shagon. Inna ta kafa kujerarta a bakin ƙofa, makulli ɗaure a bakin zaninta. Liman ne ya fara zama. Na-Sani ya jawo aljihun tebur zai ɗauko tawul, sai ga wata ta yi tsalle ta dira a gwiwar Liman, tana gyara ƙahonni.

Liman ya dube ta. "Malam mai aski, wannan ga alama tsufa take jira. Wai shekara nawa fara ke yi a duniya?"

Ƙirjin Na-Sani ya cika. Leɓensa ya motsa. "Na..."

Ya ɗaga ido, suka haɗa ido da Inna ta cikin madubi.

"Na ce ko a tambayi Inna."

"Aske kan da ke gabanka," in ji Inna.

Ya sunkuya ya aske. Nan na ajiye muku shi, kowa ya tashi ya kama aikinsa.